Duna da Kilishin Nomau

A'a, Ladidi, kar ki ba karen nan. Mai da shi cikin takardar. Kilishi ba abincin kare ba ne, 'yata. Zauna nan kusa da ni in gaya muku abin da ya sa. Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

Wani mutum ne, sunansa Nomau, sana'arsa kilishi. Yana da baƙin kare, Duna. In ya shanya nama a rana, Duna ne mai gadi. Ya kori shirwa, ya kori ungulu, bai taɓa ko lasar naman ba. Abincinsa ragowar tuwo da ƙashi.

Ran nan Nomau ya sunkuya zai kwashe shanya, ashe kububuwa na kwance ƙarƙashin karan da ya shanya naman a kai. Sai Duna ya yi tsalle ya kama wuyanta, ya kashe ta.

Nomau ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Duna, daga yau ka bar cin ragowa. Abin da nake sayar wa manya, shi za ka ci."

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, naman nan fa da gishiri, da albasa, da tafarnuwa, ga barkono. Cikin kare ba irin namu ba ne."

Ya ce, "Wanda ya fanshi raina zan ba ƙanzo? Mutane su ce me?"

Sai ya zaɓo mai kyau, ja wur, ya ajiye masa. Duna ya sansana, ya dubi maigidansa, kunya ta hana shi ƙi. Sai ya cinye. Ya je ya shanye ruwan kasko kaf.

Nomau ya ce, "Kin gani? Daɗi ne ya sa shi shan ruwa."

Washegari ya ƙara masa. Duna ya ci, ya koma bayan rumbu ya yi amai. Tabawa ta ce, "Maigida, karen nan ba shi da lafiya."

Ya ce, "Bai saba da abin kirki ba ne. Zai saba."

Haka dai, kullum kilishi, kullum kilishi. Har ranar da Nomau ya kira, "Duna! Duna!" Shiru. Sai ya same shi kwance gindin randa, harshe waje, dasashinsa ya yi fari fat. Ungulu sun sauka kan shanya, ba mai korarsu.

Ya ɗauke shi a kafaɗa, ya nufi gidan mai maganin dabbobi, yana gudu yana kuka. Suna tsakiyar hanya sai Duna ya buɗe ido, ya ce a hankali, "Maigida, na san so ne. Amma tun ranar farko cikina ke ƙuna."

Nomau ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na ga kana murna."

Ba su kai gidan mai magani ba. A nan gefen hanya Nomau ya haƙa rami da hannunsa.

Ƙurunƙus kan kusu, iyakarta ke nan. In kuna son dabba, ku ba ta abin da cikinta zai ɗauka, ba abin da bakinku ke so ba.

To, ku ɗan matsa in wuce. Na ji Baba tsoho yana tari, ban kai masa kununsa ba.