Hedimastan da Ya Ce Sai Ya Sulhunta Kyanwoyi

Akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin yana shugabantar makarantar firamare. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau kowa Hedimasta yake ce masa, har jikokinsa. Mutumin kirki ne, ban hana shi wannan ba. Amma taurin kai, jama'a! In ya ce abu fari ne, ko fitila ka kawo ka haska masa baƙin, cewa zai yi fitilarka ce ta lalace.

Matarsa ta rasu ta bar masa wata mage da ta raina tun tana 'yar mitsitsiya, ana kiranta Fara. A gadon asibiti, bayan ta gama yi masa wasiyyar 'ya'ya, sai ta ƙara da cewa, "Ga Fara nan. Don Allah kada ta wulaƙanta a bayana."

Ya ce ya ɗauki alkawari. Kuma tsakani da Allah ya so ya cika. Kifin da zai ci, sai ya fara cire mata nata.

Matsalar ita ce Fara ba ta hutawa da haihuwa. Sau biyu a shekara, wani lokaci sau uku. Da farko maƙwabta da murna suke karɓar 'ya'yan. Daga baya, da sun hango Hedimasta tafe da kwali a hannu, kowa sai ya tuna yana da aiki a cikin gida.

A wata haihuwar ya rasa mai karɓar guda ɗaya, mace mai launin toka, sai ya bar ta a gida ya sa mata suna Toka. Nan fa aka shiga uku.

Toka ta girma, ta yi ƙarfi, ita kuwa Fara tsufa ya fara kama ta. Ba maganar uwa da 'ya, kowacce gani take gidan nata ne. In Fara ta hau kujera, Toka ta sauke ta. In ta nufi kwanon abinci, Toka ta tare hanya tana huci. Da lokacin barbararsu ya zo kuwa, sai muzuran unguwa su jeru a kan katanga sai ka ce masu jiran a kira suna. Su diro, su yi faɗa, su fesa fitsari a jikin ƙofa. Labulen falo ya koma tsumma. Kantar littattafan da Hedimasta yake ji da ita, in ka matsa kusa sai ka toshe hanci.

Autarsa, wadda take aure can wata unguwa, ita ke zuwa duk ƙarshen mako ta gyara masa gida. Ranar nan ta yar da tsintsiya ta ce, "Baba, wallahi na gaji. Mu kai su wurin likitan dabbobi a yi musu aikin tsayar da haihuwa. Cire mahaifar ake yi, su warke cikin 'yan kwanaki, kowa ya huta."

"A yanka lafiyayyar dabba? Me ta yi?"

"Ba abin da ta yi, Baba. Wahala take sha. Dubi Fara, duk ta zube, ga ruwa da take ta sha kamar ba gobe. Ni ban yarda lafiyarta ƙalau ba."

"Ciki ne. Ba ki ga ya fito ba? Sau nawa na gani?"

"To ko raba musu wuri ka yi. Kowacce da ɗakinta da kwanonta."

Hedimasta ya cire tabarau ya dube ta irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya makara. "Auta, yara ɗari shida na riƙe a hannuna. Shekara talatin. Kyanwa biyu ce za ta gagare ni? Raba masu faɗa shi ke ƙara gaba. Haɗa su ake yi."

Ku ji fa! Wai haɗa su ake yi.

A makaranta yana da wata dabara da yake alfahari da ita. In yara biyu suka yi dambe, ba ya dukan kowa. Benci ɗaya yake zaunar da su, ya ba su littafi ɗaya, ya ce ba mai tashi sai sun gama karatu tare. Kafin a tashi makaranta za ka same su suna dariya. Dabarar ta yi aiki a kan 'yan Adam, wannan gaskiya ne. Shi ne bawan Allah ya ce bari ya gwada ta a kan kyanwoyi.

Ya fara da ɗauke kwano ɗaya, ya bar musu guda. Toka ta cinye, Fara ta koma bayan firji ta kwanta. Ya ce fushi take, za ta sauko.

Da ya ga kwana uku ba ta sauko ba, sai ya ce abin na bukatar mataki na gaba. Wata safiya ya ɗauki Fara, ya kamo Toka tana yaƙushinsa, ya zuba su cikin sito. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ba taga, ba wurin hawa, sai tsofaffin kwalaye da guga. Ya ajiye kwano ɗaya a tsakiya. Har jawabi ya yi musu, wallahi.

"Ba mai fita sai kun shirya."

Ya ja ƙofa ya datse, ya tafi taron tsofaffin malamai hankalinsa kwance.

Sai bayan la'asar ya dawo. Ya kara kunne a ƙofar sito, ya ji tsit. Ya yi murmushi ya ce, "Ba na faɗa ba?"

Yana buɗewa Toka ta fito a guje ta tsakanin ƙafafunsa ta haye katanga. Kwano a kife, gashi fari ko'ina a ƙasa. Ya ɗaga wani kwali, sai ga Fara a lafe, idonta na hagu a rufe da jini, tana numfashi sama-sama. Ya kira sunanta. Ta yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafafun suka ƙi.

Nan take ya kira Auta a waya, kalma ɗaya ya iya faɗi: "Zo."

Likitar dabbobin da suka kai Fara wurinta wata mata ce marar yawan magana. Ta duba idon, ta tattaɓa cikin, ta yi hoto. Sannan ta juyo ta ce, "Baba, tun yaushe cikin nan ya kumbura?"

"Zai kai mako biyu. Ai juna biyu ne da ita."

"Ba ciki ba ne. Mugunya ce ta cika mata mahaifa. Ciwon nan yana samun kyanwar da ba a yi wa aikin ba, musamman in ta manyanta. Shi ya hana ta ci, shi ya sa take ta shan ruwa. Sai an cire mahaifar yanzu-yanzu, kuma da raunin da ta yi, ban yi muku alkawarin za ta tashi ba."

Aikin da Hedimasta ya ce ba za a yi wa lafiyayyar dabba ba, ga shi za a yi wa wadda ke bakin mutuwa.

"Idon kuma fa?" in ji Auta.

Likita ta ce, "Wa ya ji mata ciwo?"

Hedimasta ne ya amsa da kansa, ya faɗi komai, har da maganar benci da littafi ɗaya. Likita ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, kyanwa ba ta san sulhu irin namu ba. In biyu ba sa shiri, hanyar gudu ake ba su. Kowacce da kwanonta, da wurin bahayarta, da inda za ta hau ta ɓuya. Daga baya a riƙa gabatar da su a hankali, ta bayan ƙofa. Aikin nan ma ba ya mai da su aminai, amma yana rage fitinar sosai, muzurai su daina zuwa. Kai kuwa ka ɗauki marar lafiya ka kulle ta da mai ƙarfi, ka toshe mata ko'ina."

Rabon da wani ya yi wa Hedimasta faɗa haka, shi kansa ya manta.

Fara ta tashi, alhamdulillahi, amma idon ya tafi. Ranar da aka sallame ta, Hedimasta ya miƙa hannu zai karɓi kwandon, Auta ta riƙe gam.

"Gidana za ta, Baba. Ka yi haƙuri. Mama ba wannan riƙon ta roƙe ka ba."

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, amma bai musa ba. A makon nan da kansa ya kai Toka aka yi mata aikin, ba wanda ya sa shi. Muzurai suka watse, gida ya yi tsit, tsit ɗin da har ya ishe shi.

Bayan wata guda ya shirya ya je gidan Auta. Fara tana kwance a bakin taga, ta yi ƙiba, gashinta ya dawo. Yana yin sallama ta ɗago, ta juyo da lafiyayyen idon ta dube shi. Sai ta diro ta shige ƙarƙashin gado.

Dattijon nan, da ciwon gwiwarsa da komai, ya durƙusa a ƙasa yana leƙe yana kira. "Fara. Fara, ni ne." Ta ƙara matsawa can jikin bango.

Auta ta ji tausayinsa ta ce, "Bari in jawo maka ita, Baba."

Ya girgiza kai, ya dafa gadon ya miƙe da ƙyar, idonsa ya cika da hawaye.

"Ƙyale ta, Auta. Ta gane ni ne."

Darasi: Ƙwarewarka a wani fanni ba ta sa ka san komai. In kyanwoyinka suna faɗa, kada ka tilasta musu zama wuri ɗaya: raba musu kwano da makwanci, ka kai su likita ya duba su, a yi musu aikin tsayar da haihuwa tun suna da lafiya. Dabba amana ce, kuma ba ta da bakin faɗa maka inda ke mata ciwo. Ku tura wa duk wani mai kyanwa da kuka sani, musamman masu taurin kan cikinsu.