Ɗakin Kudu Na Gidan Guizhen

Kuang Laifu kafinta ne a garinmu Taiyuan, mijin marigayiya yayata. Ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba, amma ban taɓa ganin mai riƙo irinsa ba. In ka taka shi bisa kuskure bara, to bana ma yana ƙullace da kai.

Ranar walimar baikon 'yarsa Shulan, uwar ango, Rong Guizhen, ta zaunar da shi a kujerar bakin ƙofa, inda masu kawo abinci ke gogar kafaɗarsa. Hidima ce ta yi mata yawa, kowa ya gani. Kuang ya yi murmushi ya sha giyarsa, amma a hanyar gida ya ce mini sai matar nan ta gane kurenta. Na ce ya bar maganar, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Bayan biki da shekara guda, Guizhen ta roƙe shi ya gyara mata ɗakin kwananta na kudu, mai samun rana, tunda yanzu an zama ɗaya. Abin nema ya samu. Ya sayo katakon da ya fi kowanne araha, irin na garin katako da aka cuɗa da mugun gam, ya jera mata kabad daga bango zuwa bango, ya shafe da fenti mai ƙyalli. Kowa ya san sabon ɗaki sai ya sha iska wata shida. Shi ya ce mata sati biyu ya isa, ta baza ɓawon lemo da ganyen shayi su tsotse warin. Burinsa ta yi ta tari da ciwon kai ba ta san dalili ba. Ya tattara kayan aikinsa ya tafi wata kwangila a Datong.

Sai Shulan ta haihu a tsakiyar hunturu, namiji. Guizhen, wadda tun gyaran ko dare ɗaya ba ta kwana a ɗakin ba, ta ce jikanta ne zai fara shiga. Ta kai mai jego da jariri ciki, ta liƙe tagogi don kada iska ta taɓa su har watan jego ya cika, bututun ɗumama gida kuma na ta aiki.

Da na je barka, idona ya dinga zafi kamar ina yanka albasa. Shulan na fama da ciwon kai, jaririn jikinsa duk ƙuraje. Na buga wa Kuang waya na gaya masa inda 'yarsa take kwana.

Washegari sai ga shi. Maimakon ya faɗi gaskiya, matsoracin banza, sai ya ce a ɗan buɗe taga.

"Haba Baban Shulan," in ji Guizhen. "So kake sanyi ya shiga ƙashinta, ta tsufa da ciwon gaɓoɓi?"

Ya ce to a mayar da su gidansa. Ta ce mai jego ba ta tsallake ƙofa. Haka ya yi kwanaki yana kame-kame don kada mutuncinsa ya zube, jikansa na shaƙar abin da ya shuka. Sai da numfashin yaron ya fara fito kamar usur, sannan Kuang ya durƙusa a falo ya faɗi komai.

Guizhen ta naɗe jikanta a bargo ta nufi asibiti. Shulan ce ta tsaya a kansa, da ƙyar take miƙewa.

"Baba, da surukata ce a ciki, da har yanzu kana Datong kana dariya, ko?"

Yaron ya rayu, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba. Yanzu yana firamare, maganin shaƙa ba ya barin aljihunsa. Uwarsa ba ta taɓa koya masa ya ce wa Kuang Kaka ba. In sun haɗu a hanya, yaron yakan sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Sannu, Kafinta Kuang." Ni kuwa ko ɗigon tausayinsa ban ji ba, kuma ba zan ji ba.

Darasin a fili yake. Mai ramuwa yana iya zaɓar makaminsa, amma ba shi ke zaɓar wanda zai sama ba. Shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. In kuma ka riga ka gina, to ka yi magana tun kafin naka ya faɗa.