Ladingo da Bayan Jatau

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya ware ido."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wasu birai ne ke kwana a kan wata tsamiya. Al'adarsu, da hantsi kowa ya kama bayan ɗan'uwansa ya cire masa ƙwarƙwata. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Ladingo. Da ƙuruciyarta babu bayan da ba ta duba ba, amma da tsufa ya zo sai ta rage jama'a. Baya ɗaya ta riƙe, na ƙawarta Tasalla, wadda idonta ya mutu.

Sai wani ƙato, Jatau, ya ture shugaba ya haye reshen sama. Ya ce daga yau bayansa za a fara dubawa, wanda ya ƙi ya sauka ƙasa wajen kura. Birai suka yi layi har da turereniya.

Jatau ya ce wa Ladingo, "Iya, ban ji hannunki ba."

Ta ce, "Yana wajen Tasalla."

Washegari ya jefo mata nunanniyar kanya. "Iya, taho."

Sai ta sa wa Tasalla a baki, ta ce, "Ta gode."

Rana ta uku ya bangale haƙora. "Ko bayana, ko bakin kura."

Kurar nan kuwa ita ta cinye wa Ladingo ɗa. Amma ta ce, "Yaro, ƙarfin da ya rage mini bai kai na baya biyu ba. Kai kana da hannu ɗari. Ita nawa kaɗai gare ta."

Sai ta ja Tasalla suka sauka. Suka sami kogon kuka mai ƙaramin baki. Ladingo na gani, Tasalla na ji, kura ta yi ta zagaye har ta haƙura.

Kwanci tashi, wani ƙaton ya taso, ya karya wa Jatau hannu, ya wurgo shi ƙasa. Masu layi suka koma sabon layi, ko waiwaye babu. Ƙwarƙwata ta yi wa Jatau katutu. Sai ya rarrafo bakin kogo.

Ya ce, "Iya, sosa mini, ko kaɗan ne."

Ladingo na kan bayan Tasalla, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ga kututture can. Shi ba ya zaɓen baya."

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta ƙare. Wanda ya tara masu susa da haƙori, ran da ya faɗo kututture ne abokinsa.