Jere na Ɗari da Ɗaya

A zamanin da can, an yi wani sarki da ya yi alwashin dasa gonar dabino sadaka ga matafiya, bisa sharaɗi guda: jeri-jeri za a dasa, kowane jere daidai da ɗan'uwansa. Mai lambun fada, wani tsoho da ake kira Cindo, ya reni dashe shekara biyu. Da aka ƙidaya, sai aka samu dubu goma da ɗari huɗu da uku.

Sarki ya miƙa lissafin rabo ga Waziri Zubairu, mutumin da rawaninsa ya fi iliminsa nauyi nesa ba kusa ba. Kwana bakwai yana kulle a soro. Ran na takwas ya fito yana hura hanci, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, adadin nan mara ne, biyu ba ta raba shi. Uku ta bar saura, biyar ta bar saura, bakwai ma haka. Yana cikin adadai masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Da gangan tsohon nan ya yi, don alwashinka ya faɗi. A kore shi daga ƙasar."

Fadawa, waɗanda yatsun hannunsu ma sai sun ƙirga sau biyu, suka ɗauka, "Gaskiya ne! Ilimi ya yi magana!"

Aka jawo Cindo, taɓo har gwiwa. A lambun nan aka haife shi, kuma bai san wani gida ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayar mini Waziri, a ina ya tsaya da gwajin?"

Waziri ya yatsine fuska, ya ɗaga carbinsa. "Da wannan na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ƙwaya ta ɗari. Carbi ya ƙare, me ya rage?"

"Ashe inda carbinka ya ƙare, nan adadi ya ƙare?" in ji Cindo. "Ni ban yi karatu ba, amma komayen shuka ɗari da ɗaya na yi. Kowane komi na zuba ƙwallo ɗari, na ƙara uku saboda ɓarnar gara, Allah kuwa ya raya su duka. Tun ranar da suka tsiro a jere suke. Waziri bai tako lambun ba, balle ya tambaye ni."

Sarki ya aika aka duba, aka tarar haka abin yake. Fadawan nan kuwa, ko kunya babu, suka juya, "Gaskiya ne! Tsoho ya yi magana!"

Sarki ya dubi Waziri tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Taki ɗaya ya rage maka, ka gwammace ka raba bawan Allah da gidansa. Cindo, koma lambunka. Jere ɗari na ma'aikata ne. Na ɗari da ɗaya kuwa, a ba Waziri fartanya ya haƙa raminsa ɗari da uku da hannunsa, yana ƙirgawa da ƙarfi, kai kuma kana tsaye a kansa kana gyara masa."