Ɗigon Jinin Ihsan a Jajiberin Suna

Akwai wani magidanci a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zazzau, ana kiransa Zailani. Aikinsa ɗinkin babbar riga, kuma kowa ya shaide shi da biyayya. Tun tasowarsa bai taɓa musa wa mahaifiyarsa, Hajiya Adama, magana ba.

Allah Ya azurta matarsa Ihsan da haihuwar fari, ɗa namiji. Ana gobe suna gida ya cika da mata, wasu na suyar cincin, wasu na gyaran shinkafa. Hajiya Adama ce ke juya komai, don ita ta kula da jegon rabin matan zuriyarsu, kuma tana alfahari da haka.

Bayan azahar Zailani ya leƙa ɗakin mai jego. Ya tarar da ita kwance, tana numfashi sama-sama. Jiya jikinta zafi rau, yau kuwa da ya riƙe hannunta sai ya ji sanyi kamar ta wanke shi da ruwan randa.

"Ihsan, yaya jikin?"

"Da sauƙi," ta ce, idonta a lumshe. "Kada ka tayar wa Hajiya hankali, aiki ya yi mata yawa."

Ya fita ya sami mahaifiyarsa. Ta ce zazzaɓin jego ne, tunda zafin ya sauka ai sauƙi ya samu. A yi mata wanka, ta sha kunun kanwa, gobe ras za ta tashi.

Zailani ya ce to. Amma da ya isa zaure sai ya tuna sanyin hannun Ihsan. Ya daɗe tsaye, sannan ya ciro waya ya kira motar ɗaukar marasa lafiya.

Motar ba ta iya shiga lungunsu ba, a bakin titi ta tsaya. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Radiya ta shigo da jaka a kafaɗa, abokin aikinta ya jira a zaure. Matan tsakar gida suka bar aiki suna kallonta.

Hajiya Adama ta dubi ɗanta. "Kai ka kira su? A gaban baƙi za ka nuna ban san abin da nake yi ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Radiya ta durƙusa ta gaishe da Hajiya, ta nemi izinin shiga ɗakin mai jego. Ta auna ƙarfin bugun jinin Ihsan, awon bai yi ƙasa sosai ba.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya Adama. "Tun ba a haife ki ba nake wankan jego, yarinya. Tattara kayanki."

"Gaskiya ne, Mama, kin riga ni ganin masu jego," in ji Radiya a hankali. "Abu ɗaya ya rage, ɗigon jini kawai nake roƙo."

Ta ɗan soki yatsan Ihsan, ta ɗiga jinin a kan wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. Zailani na kallon fuskarta, ya ga ta canja.

Ta yi musu bayani cewa akwai wani sinadari, laktet, da ke taruwa a jini idan gaɓoɓin ciki ba sa samun isasshen jini da iska. Na Ihsan ya haura sosai. Mace mai ƙuruciya, in ji ta, jikinta kan daure ya riƙe awon jini daidai har sai ƙarfi ya ƙare, sannan komai ya rushe lokaci guda. Wannan sanyin hannun ba sauƙi ba ne.

"A bari a yi suna, jibi sai a kai ta," in ji Hajiya Adama.

"Mama, ina tsoron ba za ta kai gobe ba."

Idanu suka koma kan Zailani. Ya matsa gaban mahaifiyarsa ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ban taɓa tsallake maganarki ba, kuma ba na so yau in fara. Don Allah ki ba ni izini da bakinki. Amana iyayenta suka ba mu."

Hajiya Adama ta buɗe baki za ta yi magana, sai Ihsan ta kira sunan wata ƙanwarta da ba ta gidan, tana maganar da ba ta haɗuwa. Tsohuwar ta taɓa goshinta, ta taɓa ƙafarta.

"Ku ɗauke ta," ta ce.

Nan take Radiya ta sa mata ƙarin ruwa, ta buga waya asibiti ta faɗi awon don su shirya. Aka ratsa lungu da Ihsan a kan gadon ɗauka, Zailani na riƙe da ledar ruwan sama da kansa. Kafin su fita ƙofar gari awon jininta ya faɗi warwas.

A asibiti likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininta daga mahaifa. Da safe aka raɗa wa yaro suna Suhail a zaure, ba kiɗa ba guɗa. Abincin da aka dafa maƙwabta aka raba wa.

Ihsan ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Ƙodarta ta taɓu, sai da aka yi ta yi mata wankin ƙoda na makonni. Hajiya Adama ce ta goya Suhail, tana ba shi madara, kullum tana zaune a barandar asibiti da carbi.

Ranar da Ihsan ta dawo hayyacinta, ta ga surukarta a gefen gado. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Hajiya, ku yafe ni. Na ɓata muku taro."

Zailani bai taɓa ganin hawayen mahaifiyarsa a gaban mutane ba sai ranar. Ta kwance goyo, ta ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Yi shiru, 'yata. Ni ce zan nemi yafiyarki."

Darasi: Mara lafiya mai kawaici zai ce maka da sauƙi alhali jikinsa na gazawa. Idan ka ga hannu da ƙafa sun yi sanyi, numfashi na sauri, magana ta rikice, nemi ma'aikatan lafiya, ka bar su su yi gwajinsu. Babu taron da ya kai rai, kuma ana iya faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ke da mai jego.