Ciwon da Ke Zuwa da Ruwan Sama

Ku gyara zama, yau na kawo muku ƙashi, mai haƙori ya tauna. Amma wanda ya katse ni kafin in dasa aya, shi zai ƙarasa labarin.

A Yauri aka yi wani dattijo, Baba Gwadabe, mai kai bandar kifi kasuwanni a wata tsohuwar mota da yake kira Gimbiya. Motar ta girmi 'ya'yansa duka uku: Lantana 'yar fari mai yin banda, Ɗahiru manomi wanda ya taɓa zaman gareji, da Uwani auta mai ɗinki. In Gimbiya ta tashi, baƙin hayaƙin da take fesowa sai ka ce taya aka ƙona. Shi kuwa Baba, taurin kai ba a magana. Ka zagi hularsa ya yi dariya, ka kushe Gimbiya ku yi mako ba gaisuwa.

Damina na faɗuwa ciwo ya sa shi gaba. Duk ranar da ya yi tuƙi cikin ruwa sai ya dawo da ciwon kai da jiri da amai. Ran da gari ya yi garau, lafiyarsa ƙalau. Rannan barci ya sace shi a kan sitiyari, saura ƙiris ya zurma kogi. Nan da nan gari ya ɗauka aljanar ruwa ce ta shafe shi. Aka shiga turara masa magani a kasko. Ku ji fa, hayaƙi a kan hayaƙi!

Lantana ce ta fara ganewa. Wata rana Baba ya sayo kaji biyu ya ajiye a ƙasan kujerar mota, ya iso gida cikin ruwa, kajin sun mutu ba yanka ba ciwo. Nan take ta tuna ita ma garwashi ya taɓa sumar da ita a rufaffen ɗakin banda. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba aljana ba ce. In ana ruwa rufe gilasai kake yi. Hayaƙin Gimbiya ne ke shigo maka, irin wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji." Baba ya daka mata tsawa, ya ce ta tsaya a kifinta. Ta fita da hawaye, amma ta tara ƙannenta ta ce duk ranar da ya faɗi, iska za a ba shi, kada wanda ya kawo wuta kusa.

Ba a yi kwana biyar ba ranar ta zo. Da hantsi ana sheƙa ruwa, Baba ya shiga rumfar kwanon da yake ajiye mota, ya jawo ƙofa saboda feshi, ya tada inji. Al'adarsa ya taka totur sau uku, ya danna hon sau biyu, ya fito. Uwani tana kan keken ɗinki ta ji totur, ta kasa kunne, hon shiru. Inji sai gurnani yake. Ta zabura ta banke ƙofar rumfa, ta ga Baba ya kifa kai a sitiyari, ƙofofin mota a kulle ta ciki. Ta riƙe numfashi, ta suri taɓarya ta tarwatsa gilashin, ta jawo shi tsakar gida, hannunta na zubar da jini. Maƙwabta suka rugo da kaskon turare, suna cewa a kai shi ɗaki. Ta ce, "Wallahi wanda ya matso da garwashin nan, shi da taɓarya!" Ta sa shi a motar maƙwabci sai asibiti, tun daga ƙofa tana ihu hayaƙin mota ne. Aka sa masa iskar numfashi. Likita ya ce da an ƙara jinkirin tafasar shayi, da wani zancen ake yi.

To, kun san me tsohon nan ya fara faɗa da ya buɗe ido? "Wa ya fasa mini gilas?" Ya kuma rantse ran Lahadi da Gimbiya zai je kasuwa. Kwana uku ke nan suka rage wa Ɗahiru.

Ya turo motar fili. Ya kwance fulogai ya same su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, matatar iska ta toshe, kafireto na ɗura mai fiye da kima. Ya wanke, ya canza, ya saita, baƙin hayaƙi ya ɗauke. Wani da nan zai karkaɗe hannu. Shi kuwa ya tuna Yaya Lantana ta ce shigowa yake yi, to ta ina? Ya cusa jiƙaƙƙen tsumma a bakin salansa, ya tada inji, ya kwanta a ƙasa da gashin kaza a hannu yana bin bututun kaɗan-kaɗan. Daidai ƙarƙashin kujerar direba gashin ya hau rawa. Tsaga ce kamar yankan reza, a samanta kuma ruwan kifi ya cinye ƙasan motar, rami ya ɓuya ƙarƙashin shimfiɗa. Bututun ya ƙona masa damtse, bai fasa ba. Ya ciro shi ya saɓa a kafaɗa zuwa wurin mai walda, ya toshe ramin da farantin ƙarfe, ya sa sabon gilas. Ran Lahadi hadari ya haɗo. Ɗahiru ya shiga ya zauna kusa da ubansa, ya rufe gilasai ruf, ya ce, "Mu je, Baba. In aikina bai yi ba, mu biyu ne." Lantana da Uwani suka wuni a ƙofar gida ba wadda ta iya cin loma, har suka jiyo hon sau biyu.

Baba ya ƙara damina biyu yana tuƙi ko ciwon kai babu. Da ido ya yi rauni, ya kira su ya ajiye makullin Gimbiya a kan tabarma. Ya ce, "Na tsawata wa mai gaskiya, na yi wa mai cetona faɗan gilas, na hau aikin ɗana ban ce sannu ba. Ku yafe mini. Wanda ya ceci raina ya ɗauka."

Ba wanda ya miƙa hannu. Ba don bakin Lantana ba, da ɗaki aka kai shi aka turara. Ba don taɓaryar Uwani ba, da ba a sami wanda za a gyara wa mota ba. Ba don gashin kazar Ɗahiru ba, da Lahadin nan ce ta ƙarshe.

To, ga makulli a tabarma. Ku da kuka iya gardama, wa zai ɗauka?