Tambayar da Ke Ƙarshen Kaset

Akwai wani ɗan unguwarmu a nan tsibirin Unguja, Pandu Faki, mai shagon juyar da tsofaffin kaset zuwa waya a bayan benayen Michenzani. Mutumin kirki ne, sai dai in kana son ka makara, tambaye shi labarin akwatinsa.

Wani ɗan baƙin akwati ne da bai wuce sabulu girma ba, wanda ake haɗa shi da kwamfuta don sauti ya bi ta cikinsa. Wani abokinsa ne ya kawo masa daga Dubai. Tun ranar Pandu ya daina magana kamar mutane. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ya lumshe ido, ya ce da hanci: "Cikin kwamfuta kasuwar Darajani ce, hayaniya zalla. Wanda ke soka abin jinsa a ramin kwamfuta, bai taɓa jin kiɗa ba, jita-jitar kiɗa yake ji."

Matan layin duk sun iya kwaikwayonsa, har da lumshe idon.

Mahaifiyarsa, marigayiya Bi Mwanakombo, zabiya ce. A danginsu ba a shigar da amarya sai da waƙarta. To ga bikin jikarta Mosi ya matso, kakar kuwa tana ƙasa. Abin da ya rage na muryarta kaset ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka ranar auren yayar Pandu, Mtumwa, uwar amaryar yanzu.

Yaya Mtumwa ta kawo kaset ɗin a ƙulle cikin gefen zanenta, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi, Injiniya. Ka juye mana shi yadda yake, kada ka yi masa kwalliya."

Pandu ya yi dariya, ya ce rediyon kicin ɗinta ya gama kashe mata kunne, ta jira ta ji abin da akwati zai fito da shi. Ita dai ta ce Allah ya ba akwati lafiya, ta tafi cefane.

Da hantsi ya rufe shago, ya zura kaset a na'ura, ya sa abin ji a kunne, ya danna. Goge ya fara kuka, ƙananan ganguna suka amsa, sai ga muryar Mama, kusa, kamar tana tsaye a bayan kujerarsa. Gaskiya akwatin ya yi aikinsa. Hucin nan na shuuu da kwamfuta ke ƙarawa babu shi. Har ƙarar awarwaronta yana ji.

Waƙa ta ƙare, mata suka rangaɗa guɗa. Ya kai hannu zai tsayar, sai ya fasa, don yana son ya ji iyakar abin da akwatinsa zai tono.

Guɗa ta lafa. Ana jan kujeru. Sai Mama ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana haki, ba ta san na'ura na ɗauka ba.

"Mtumwa, Pandu ya zo?"

Ta sake cewa, "Ku ajiye masa shinkafarsa, zai zo."

Sai ƙas! Zaren kaset ya tsinke, ya nannaɗe cikin na'ura, ya dagargaje. Abin da ya shiga kwamfuta shi ne kawai ya tsira.

Pandu bai je bikin nan ba. Lokacin yana sakandare, abokansa na kiransa ɗan zabiya, suna murguɗa ƙugu in ya wuce. Ranar ya gudu bakin teku ya zauna cikin jiragen masunta har aka watse. Da ya dawo gida ya tarar da kwanon shinkafa a rufe. Mama ba ta taɓa tambayarsa inda ya je ba, har ta koma ga Allah.

Abu na farko da ya zo masa shi ne laifin akwati ne. Ya zare shi, ya soka abin jin a ramin kwamfuta, ramin nan da yake zagi, yana fatan hayaniyar Darajani ta haɗiye maganar.

Shuuu ɗin ya dawo. Amma a cikinsa, ras: "Pandu ya zo?"

Ya gwada a waya. Ya gwada a wata tsohuwar lasifika mai fasasshen baki. Ko'ina tambayar tana nan, tana jiran amsa.

Daga nan ta fita daga na'ura ta bi shi. A cikin daladala, motar haya, in kwandasta ya buga ƙofa, ita yake ji. Ruwa na dukan kwanon shago, ita yake ji. Mai sayar da romon dankali ta ce masa "ka zo?", cokali ya faɗi daga hannunsa. Masu zuwa tsokanarsa don su ji wa'azin akwati suka koma hannu rabbana.

Yanke wurin ba wuya, jan layi ne da danna maɓalli ɗaya. In ya yanke, babu wanda zai ji a gaban taro cewa ɗan Bi Mwanakombo ya ji kunyar uwarsa. Amma kaset ya mutu, in ya goge, maganar ta tafi ke nan har abada. Ya ja layin ya fi a ƙirga, yatsansa na bisa maɓalli, ya kasa.

Ana gobe biki Yaya Mtumwa ta leƙo. Ya kunna mata waƙar, guɗa na tashi ya yi wuf ya kashe. Ta dube shi ta gefen ido.

"Ina sauran?"

Ya ce sauran hayaniya ce kawai, ana jan kujeru.

"Jan kujeru, ko? Ina wurin shinkafarka?"

Ya tambaye ta yadda aka yi ta ji, da wannan rediyon nata.

"Rediyon da ya kashe min kunne? Duk watan azumi nake sa kaset ɗin ina girki. Mosi tun tana ƙarama take kwaikwayon wurin. Sau nawa na kunna a gabanka, guɗa na tashi sai ka tuna kana da aiki a shago?" Ta gyara mayafi. "Muryar uwarka ce, aikinka ne. Ni ba zan ce ka bari ko ka yanke ba."

Ranar biki, bayan la'asar, Pandu na zaune a bayan teburin lasifika, mata cike da rumfa. Aka fito da Mosi, muryar kakarta ta cika layin, tsofaffi na share ido da bakin zane. Waƙa ta ƙare, guɗar kaset ta haɗu da guɗar rumfa. Hannunsa na kan maɓallin sauti.

Bai rage ba. Ƙarawa ya yi.

"Mtumwa, Pandu ya zo?"

Wata tsohuwa ta waiga bayanta tana salati.

Pandu ya miƙe tsaye. Babu yatsa a sama, babu lumshe ido, babu muryar hanci.

"Na zo, Mama."

Babu wanda ya yi dariya, har 'yan kwaikwayon layinmu. Yaya Mtumwa ta tashi da kanta, ta zubo shinkafa a kwano, ta ajiye masa a gefen akwatin.

Darasi: Na'ura mai kyau tana rage hayaniya, amma ba ta saya wa mutum kunne. Abin da ba ka ji ba, wataƙila ba laifin kwamfuta ba ne, kai ne kake tashi kafin a gama magana. In mai tambayar ko ka zo yana raye, je ka amsa masa yau. Ku tura wa wanda aka daɗe ana ajiye wa shinkafa.